Hutun da Muka Ɗora wa Mama Tabitha

Ni ce sakatariyar zumuntar mata a cocinmu na Samaru, bana shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son abu barkatai. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, saboda haka in na ja layi a takarda na rubuta suna a ciki, to magana ta ƙare. Sunana Elizabeth. Na fara da wannan ne don ku sani tun yanzu cewa ɓarnar da zan ba ku labarinta ni na tsara ta da hannuna, da jan biro, har tafi aka yi mini a kanta. Amma labarin ba nawa ba ne, na Mama Tabitha ne.

Mama Tabitha ta zo Samaru tana amarya daga wani ƙauye can bayan Zonkwa, a bayan motar kaya, da akwatin ƙarfe ɗaya da tulu ɗaya naɗe cikin zane. Mijinta, marigayi Baba Shekari, lebura ne a gonakin binciken noma. Har ya bar duniya yana ba da labarin ranar da ta iso tasha: ya miƙa hannu zai taimaki amaryarsa ta sauko, sai ta miƙo masa tulun, ta ce ya riƙe da kyau, ita ta iya dirowa da kanta.

Tulun ba na ruwa ba ne, na kiɗa ne. A zumunta muna da masu kacau-kacau, muna da mai ganga, amma tulu ne ke riƙe da waƙa. Ana damƙe guntun soso mai kauri a hannun dama a riƙa dukan bakinsa, hagu kuma tana marin cikinsa, sai ya ba da wata murya mai zurfi da mutum ke ji a ƙirji kafin ta kai kunne. Kuma a cocinmu akwai wata al'ada da Mama Tabitha ta kawo daga garinsu: amarya ba ta shiga sai tulu ya kira ta. Za ta tsaya a waje, ƙofa a rufe, har sai an buga sau uku, sannan a buɗe ta shigo da rawa. Ni kaina haka aka shigo da ni, haka aka shigo da 'ya'yana mata biyu. Sama da shekara arba'in babu amaryar da wani hannu ya kira ban da nata.

'Ya'ya biyar ta haifa. Ta tsakiyar ta rasu ta bar jaririya 'yar wata takwas, Hephzibah, kuma Mama Tabitha ce ta raine ta, ta sa ta makaranta da abin da take samu daga ɗakuna biyu da take ba ɗaliban jami'a haya. Yau Hephzibah malamar makaranta ce a Kaduna, kuma bara ta kawo miji, Japheth, wani dogo mai shagon kayan lantarki a Sabon Gari, wanda kunya ba ta barinsa ya ci abinci a gaban mutane. Aka sa ranar Asabar ɗin bayan Kirsimeti. Da yake cocinmu ba zai ɗauki jama'ar ba, aka yarda a ɗaura auren a babban cocin dangin ango a Sabon Gari, da sharaɗin za mu je da tulunmu da al'adarmu. Tun daga ranar Mama Tabitha ba ta da wata magana sai wannan. Ta kira 'ya'yan kowa, yanzu za ta kira tata.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Inna Safiyatu mai ƙuli-ƙuli, wadda iyayenta da kakanninta duk a nan aka haife su. Kullum da hantsi, in Inna Safiyatu ta gama laziminta, Mama Tabitha kuma ta rufe Littafi Mai Tsarki, sai su haɗu a gindin katangar ta wajen gabas inda rana ke fara sauka, su baje tabarma su yi ta ɓarar gyaɗa. Su a wurinsu hira ce kawai. Duk auren da za a ɗaura a unguwar da wanda ke tangal-tangal, a kan tabarmar nan ake fara sani. Ni dai ban taɓa ɗaukar zaman nan a bakin komai ba.

Sanyin bara tun tsakiyar Nuwamba ya sauko. Wanda bai taɓa wayar gari a Samaru a irin wannan lokaci ba, kada ya yi mini gardamar sanyi. Ruwan randa sai ka ce daga firji aka ciro shi, ɗalibai su riƙa tafiya lacca ba wanka suna rufa wa kansu asiri da turare. Mama Tabitha da ma tana da ciwon gaɓɓai, duk shekara in sanyi ya zo sai gwiwoyinta da yatsunta su dame ta, amma tana lallaɓawa. To ran wata Lahadi, muna tsakiyar waƙar baiko, wadda ake yi lokacin tara sadaka a coci, sai soson ya suɓuce daga hannunta ya gangara har gaban bagade, inda Fasto ke tsayawa. Waƙa ta tarwatse, kowa ya kama tasa muryar. Ta sunkuya za ta ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Saura mako shida biki.

Washegari na kira taron gaggawa. Mu matan zumunta, in aka ce ɗayarmu ba ta da lafiya, ba ma tsayawa tambayar me ke damunta, tsintsiya da tukunya muke ɗauka. Haka muka gada, kuma ina alfahari da shi har gobe. Na ja layi bakwai a takarda, Litinin zuwa Lahadi, mata biyu kowace rana: shara, ɗiban ruwa, girki, wanki, wanke-wanke. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe, na ja masa layi biyu: MAMA BA ZA TA ƊAGA KO COKALI BA. Na shiga bas na tafi kasuwar Sabon Gari, layin 'yan gwanjo, na zaɓo rigar sanyi mai kauri da safar hannu da safar ƙafa da hula irin ta masu gadi. Muka kwantar da ita a ɗaki, muka rufe taga, muka lafta mata bargo uku. Tulun kuwa na sa aka kai shi coci aka kulle a ɗakin ajiya, don kada ta gan shi zuciyarta ta raya mata wani abu.

Kwana biyu da fara wannan, sai ga Inna Safiyatu da farantin gyaɗa a hannu tana sallama. Na tare ta a bakin ƙofa.

"Haba dai, Inna. Mara lafiya za ki kawo wa aiki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malama Elizabeth, ku bar ta ta fito ta sha hantsi. Injin da nake murza gyaɗa da shi, in ya kwana uku ban juya shi ba, wallahi sai na kira mutum biyu kafin ya motsa."

"Ai Mama ba inji ba ce," na ce, ina jin daɗin amsar da na bayar. Har na ƙara da cewa in masu ɓara take nema, unguwa cike take da su. Allah ya yafe mini bakin nan nawa. Ta ce to, ta juya da farantinta.

Ita Mama Tabitha ta yi ƙoƙarin ƙi. Amma ta yaya za ka kori mutumin da ya bar gidansa da sassafe cikin sanyi ya zo yana share naka yana waƙa? A wurinmu ƙin karɓar hidimar zumunta kamar ka ce ka fita daga cikinta ne. In ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, an riga ta. In ta yunƙura za ta tashi, mutum biyu su ce, "Ki huta, Mama," su mayar da ita. Har maɓallin riga sa mata ake yi. Sai ta ce, "Na gode, 'ya'yana, Ubangiji ya saka muku," tana kallon rufaffiyar taga. Kumatunta suka ciko saboda farfesu da kunun gyaɗa, mu kuma muna ta murna wai sauƙi ya zo.

Mako uku muka yi muna wannan aikin alheri. A ƙarshensa yatsunta sun lanƙwashe sun sanƙare kamar ƙafar kaza, gwiwoyin kuma sai an kama ta hagu da dama kafin ta kai bayan gida. Hephzibah ta zo daga Kaduna da katin biki, ta ga kakarta, ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo. Ranar ce Mama Tabitha ta kira ni kusa, ta ce a hankali, "Sakatariya, a buɗe wa Maman Raphael tulun nan ta fara gwadawa. Kada yarinya ta tsaya a ƙofa ba mai kiranta."

Maman Raphael mutuniyar kirki ce, ita ke kaɗa mana kacau-kacau, kuma tana taɓa tulu in an matsa mata. Amma kiɗanta kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san ba kowa a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ni. Washegari na tare keke napep muka kai Mama asibiti.

Likitan da muka samu wani Bayarabe ne mai furfura, Likita Oluwole, wanda ya daɗe a Zariya har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya kama hannunta yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya danna gwiwoyin, ya sa aka ɗauki hoto. Sannan ya tambaya, "Wane aiki Mama take yi a gida?"

"Ko ɗaya," na ce, na gyara zaman ɗankwalina. "Mun ɗauke mata duka." Na zaro takardar daga jaka na shimfiɗa masa a tebur, don ya san irin mutanen da yake magana da su.

Ya sa tabarau ya karanta tun daga Litinin har Lahadi, har da abin da na ja wa layi biyu. "Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Madam, rubutunki yana da kyau. In kin koma gida ki yaga shi."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi mana faɗa ba, bayani ya yi a natse, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya ce amosanin gaɓɓai ne irin na shekaru, ba ya warkewa, amma ana zama da shi lafiya. Sanyi yana ƙara sanƙarar da gaɓa, don haka rigar sanyi da safa mun yi daidai, a ci gaba da su. Amma gaɓar da aka hana motsi ita ma sanƙarewa take yi, naman da ke riƙe da ita kuma ya saki. A fara ɗumama ta, sannan a motsa ta, kullum, kaɗan-kaɗan, ba sai an kai ga azaba ba. Ya rubuta maganin rage zafi, ya nuna mata yadda za ta riƙa buɗe hannu da rufewa cikin ruwan ɗumi, ya ce ta riƙa tattaki in rana ta fito. Sai ya ce, "Babu wani ɗan aikin yatsu mara nauyi da ta saba yi kullum?"

Mama Tabitha ta juyo ta dube ni. Rabon da in ga idonta ya yi haske haka tun kafin mu kwantar da ita.

"Da akwai, Likita. Sakatariya ta kore shi."

Daga ƙofar Mama Tabitha zuwa ta Inna Safiyatu taku goma ne, amma ranar sai da na tsaya sau biyu a hanya. Na same ta tana matse tunkuza, na gaishe ta har ƙasa, ta amsa tana ci gaba da aikinta. Na fara kame-kame, wai likita ya kawo wata sabuwar shawara. Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji.

"Wato sai da kuka je asibiti aka gaya muku da Turanci," ta ce.

"Da Hausa ya faɗa, Inna."

Sai ta fashe da dariya har tana dafe ciki, ta ce in jawo mata buhun gyaɗar can in daina tsayuwa kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa.

Daga ranar Inna Safiyatu ta karɓi aikin, ni kuma na koma mai ɗaukar buta. Da hantsi ya ɗaga za a fito da Mama gindin katanga cikin rigar sanyinta. A kawo roba cike da ruwan ɗumi, wanda sai Inna ta tsoma gwiwar hannunta ta gwada tukuna, don ta ce tsofaffi da yawa sun ƙona fatarsu da sunan gashi. Mama ta tsoma hannaye tana buɗewa tana rufewa har ruwan ya fara hucewa. A jiƙa tawul a matse a gasa gwiwoyi. Sannan a narkar da man kaɗanya a gefen murhu, Inna ta bi yatsun nan ɗaya-ɗaya tana murzawa, tana yi musu faɗa kamar yara marasa ji. Bayan haka sai a turo faranti.

Ranar farko gyaɗa bakwai ta ɓare, tana cije leɓe, gumi a goshinta duk da sanyin nan. Ta bakwai ɗin ta jefa a baki ta ce ladan aikinta ne. Da aka kwana huɗu ta cika gwangwanin madara. Mako guda ta cika kwano, hira kuma ta dawo, har na ji abubuwa game da mutanen unguwarmu da ban taɓa sani ba, ciki har da nawa.

Na sake jan wata takardar, don ni ba na iya zama ba takarda. Wannan karon aikin mata biyun shi ne su raka Mama tattaki, hannayensu a baya. Ranar farko bakin layi muka kai muka dawo. Daga baya bakin titi, daga baya har kasuwar Samaru, inda ta yi minti ashirin tana cinikin busasshiyar kuɓewa ba ta saya ba, don daɗin tsayuwa kawai. Wannan dokar ta fi ta farko wuya a wurin matanmu. Sau biyu ina kama Maman Raphael tana share tsakar gidan a ɓoye. Mama kuwa ta samu abin tsokana. Da na miƙa hannu zan ɗauki wani abu sai ta ce, "Ki huta, Sakatariya," Inna Safiyatu ta kama mata da, "Kada ki ɗaga ko cokali."

Aka dawo da tulu gida. Ta fara da baiti ɗaya, soson ya faɗi. Ta kai baiti biyu. Ranar Kirsimeti ta kaɗa waƙa guda cur, muka yi ta guɗa har sai da Fasto ya ɗaga hannu. Amma kada in yi muku ƙarya, ba kullum ake samun haka ba. Ran da sanyi ya tsananta, hannun yakan koma kamar ba a taɓa yi masa komai ba, sai rana ta take ya saki. Ɗaurin aure kuwa ƙarfe goma na safe ne.

Asabar ɗin ta zo da sanyin da ya fi na kowace rana. Kana magana hayaƙi na fita daga bakinka. Muka cika bas biyu cikin zanen zumunta, tulu a cinyar Mama, muka bi ta Kwangila zuwa Sabon Gari, iska tana shigowa ta wata taga da ba ta rufuwa. Kafin mu isa yatsun sun ƙage. Inna Safiyatu ta biyo mu da filas biyu da roba da kwalbar man kaɗanya cikin jakar bakko, sanye da mayafinta na zuwa biki. Ta sami wuri a bayan cocin inda rana ke bugun bango, ta tayar da wasu 'yan biki daga benci da ido kawai, ta zaunar da ƙawarta ta fara aiki.

Goma saura kwata aka aiko kirana, don ni ce zan tsaya da amarya a madadin uwarta. Kafin in tafi na ga an miƙa wa Mama soson ta gwada. Ya faɗi. Aka sake miƙa mata, ta riƙe, ta ɗaga, ya sake faɗuwa. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Maman Raphael, "Ki zauna kusa da ni a ciki. In kin ga na girgiza kai, ki ɗauka, kada ki jira." Inna Safiyatu ta buɗe filas na biyu.

Na sami Hephzibah a bakin babbar ƙofa cikin farar riga, fuska a lulluɓe, ƙawayenta a baya suna karkarwa cikin riguna marasa hannu, su suka jiyo. Aka rufe ƙofa. Muna jin motsin jama'a a ciki, da tarin tsofaffi, da wani yana gwada lasifika.

"Anti, hannun ya saki?" ta tambaye ni.

Na buɗe baki zan ce e, sai na kasa. "Ban sani ba, 'yata."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ba komai, ko wa ya kira ta za ta shiga, amma ba ta ɗauke ido daga ƙofar ba. Ni kuwa addu'ar da na yi a tsaye a wurin, ban taɓa yin irinta ko a durƙushe ba. Na ce Ubangiji, wautar tawa ce, kada ka bari ta faɗa a kan yarinyar nan. Goma ta yi. Goma da minti biyar. Cikin coci ya yi tsit.

Sai muka ji bugu na farko.

Ni dai, Allah ya sani, ta cikin ƙofar katako mai kauri duk tulu tulu ne a kunnena. Amma Hephzibah ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Kafin na biyu ya sauka ta ce, "Kaka ce."

"Kin tabbata?"

"Anti, ina goye a bayanta take kiɗan nan. Kaka ce."

Na uku ya sauka, aka wangale ƙofa. Ga Mama Tabitha can a gaba a kan 'yar kujera, tulu tsakanin gwiwoyinta, hannayen suna sheƙi da mai, Maman Raphael a gefe tana kaɗa kacau-kacau tana hawaye. Mata suka ɗauki waƙa, coci ya miƙe tsaye. Amarya kuwa ta tsaya cak a bakin ƙofa tana kuka, kwalliyar da aka yi awa biyu ana yi tana bin kumatu. Na tura ta, ta ƙi motsi.

Mama Tabitha ba ta daina kiɗa ba. Ta ɗago kai, ta ɗaga murya sama da waƙar, yadda har na bencin ƙarshe suka ji.

"Hephzibah, ki bar kukan nan ki tako. Hannun nan aronsa aka ba ni, ba zai jira ki ba."

Yarinya ta yi dariya cikin hawaye, ta tattare rigarta, ta shiga da rawa.